Wace ƙaramar dabba ce za ta dace da gidan haya a Legas?

Baban_Ummi_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. 'Yata Ummi, shekararta bakwai, ta matsa mini lamba sai na kawo mata dabbar da za ta riƙa wasa da ita. Tun da muka je hutu Katsina ta ga yaran gidanmu da zomaye da tattabaru, ba ta da zance sai wannan. Ni kuma ciki da falo nake haya a nan Agege, gidan mutane da yawa, tsakar gida ɗaya. Akwai ɗan baranda ta baya inda muke shanya. Abin da nake so shi ne dabba ƙarama mai sabo da mutum, wadda ba za ta ji wa yarinya ciwo ba, kuma ciyar da ita ba zai zame mini cefane na biyu ba. Uwargida tana da juna biyu, ba na so in ƙara mata aiki. Wanda ya taɓa kiwo a nan Legas ya taimaka mini, don yanayin nan ba ɗaya yake da na gida ba.

Ɗan_Mile12:
Wa alaikumus salam. Mage, Malam. Ba sai ka saya ba, a nan kasuwa kullum ana haihuwarsu a bayan rumfuna, masu su neman mai ɗauka suke yi. Ga abokiyar wasa ga maganin ɓera.

Maman_Khalifa:
Baban Ummi, kafin ka ɗauko mage ka fara jin ta bakin mai gidan da maƙwabta. Mu a gida mage ba komai ba ce, amma a nan akwai mutanen da ke matuƙar tsoronta, musamman baƙa, suna danganta ta da maita. Ba duka ba, akwai Yarabawan da ke kiwonta sosai. Ni a Idi-Araba nake, na riƙe wata farar mage mai ɗigon ruwan ƙasa a kunne, kullum da asuba tana kwance gefen dardumata. Wata maƙwabciya ta tashi hankalinta wai tana zama a ƙofarta da dare tana kallonta. Magana ta kai gaban mai gida, dole na miƙa ta ga wata ƙawata. Khalifa ya daɗe yana kuka. Ba na so Ummi ta ga irin wannan.

Malam_Zango:
Ta ɓangaren addini babu laifi a riƙe mage. Manzon Allah (SAW) ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu, kuma kowa ya san dalilin da ya sa ake kiran Abu Huraira da wannan alkunya. Tsuntsu a keji ma ya halatta, domin ƙanen Anas ɗan Malik, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi bai hana ba, har ya tambaye shi labarinsa lokacin da ya mutu. Sai dai a tuna da matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Duk abin da ka tsare, cinsa da shansa sun hau kanka. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ita za a tambaya ba, kai za a tambaya.

Auwalu_Mai_Tattabara:
Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ne. Baban Ummi, ni shawarata tattabara. Duk cikin abin da za a lissafa maka babu mai sauƙinta. Gero da dawa, sai ruwa mai tsabta, sai ɗan tsakuwa ƙanana da suke haɗiya don niƙa abinci. Ka sami kafinta ya haɗa maka akwati mai ƙofa biyu, ka kafe shi a bango sama inda ruwa ba ya bugu. Ka sayo mace da namiji matasa, ka rufe su har su saba da wurin, daga nan ka buɗe. Za su tafi su dawo da kansu. Ƙwai biyu take yi, kwana 18 su ƙyanƙyashe, kuma mijin da matar ke karɓa-karɓa wajen kwanci, shi da rana ita da dare. Su biyun ne kuma ke ɗura wa 'ya'yan abinci daga maƙoshinsu. Yarinya ta tashi tana ganin wannan ai karatu ne. Nawa da yamma in na fito da kwanon gero na kaɗa, tun kafin in zuba sun sauko, wata ta dira a kafaɗa, wata a kan hannu, kana jin ɗumin ƙafarta. Wanda bai yi kiwonsu ba ba zai gane ba.

Maman_Khalifa:
Auwalu, kai kana da rufin da yake naka. A gidan haya tattabara kan igiyar shanyar mutane za ta zauna. Ranar da ta ɓata wa matar wani farin kaya, ranar za a san Baban Ummi yana kiwo. Ga masu tarar ruwan sama daga kwano da damina.

Auwalu_Mai_Tattabara:
Wannan kam akwai shi, Hajiya. Amma biyu kacal ba su kai a yi rigima ba.

Bakano_Alaba:
Biyu ba sa zama biyu, ɗan uwa. Ni fa gani nake a wannan halin da ake ciki, kuɗin haya da na mota da na makaranta, dabbar wasa ba ita ce a gaba ba. In dole ne a saya wa yarinya kaza. Ta yi ƙwai a ci, ta girma a yanka. Haka aka yi mana muna yara.

Hajiya_Mai_Zoɓo:
Bakano, abin da aka ba yaro ya sa wa suna yana ba shi abinci da hannunsa, ranar da aka yanka ba ya cin naman. Na gani a kan jikana da ragon layya, yini guda bai ce da kowa uffan ba. Abin yanka daban, abin wasa daban, kuma tun farko ake gaya wa yaro wanne ne. Ni dai zomo nake ba da shawara. Ba ya kuka, ba ya shiga ɗakin kowa, ganyen kabeji da na karas da masu kayan miya ke zubarwa sun ishe shi. Ɗan Mile 12 ma zai iya haɗa maka kullum.

Ɗan_Mile12:
Ganye kam har ya yi yawa, Hajiya. In motocin Jos suka sauke kabeji, abin da ake ɓarewa a zubar ya fi ƙarfin zomo ɗari. Harawa ma ana samu wajen masu tumaki.

Likitar_Dabbobi:
Barkanku da warhaka. Na karanta duk abin da aka rubuta, bari in sa baki tun daga kan mage, saboda Baban Ummi ya ce iyalinsa na da juna biyu. Akwai ƙwayar cuta da ake kira tokzoplasma wadda ke fita a kashin mage, musamman mage mai farautar ɓera ko mai cin ɗanyen nama. Mutum mai lafiya sau da yawa ba ya ma sanin ta shige shi, amma in mace ta kamu a karon farko tana da ciki, cutar tana iya taɓa jaririn. Wannan ba ya nufin mai ciki ba za ta zauna gida ɗaya da mage ba. Sharaɗin shi ne kada ita ta kwashe kashin, kuma a kwashe shi kullum, domin sai ya kwana ɗaya ko fiye sannan ƙwayar ke iya kama mutum. Ana kuma samun ta a naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba. Amma ɗauko sabuwar 'yar mage daga kasuwa a daidai wannan lokaci, gaskiya ba zan ba da shawarar haka ba. A bari a sauka lafiya.

Sannan mage kyauta ake samu, amma riƙonta ba kyauta ba ne. Naman dabba ne abincinta, tuwo da shinkafa ba sa riƙe ta. Tana buƙatar allurar ciwon haukan kare, da maganin tsutsar ciki, da na ƙuma. Tun tana wata huɗu zuwa shida tana iya ɗaukar ciki, wata biyu da 'yan kwanaki ta haihu, ta kuma sake. In ba a yi mata aikin tsayar da haihuwa ba, gidan zai cika. Kuma tana kai shekara 12 zuwa 15, wato Ummi za ta gama sakandare magen na nan.

Zomo kuma, Hajiya, ganyen kasuwa kaɗai ba ya isarsa. Haƙoransa ba sa daina tsiro, dole mafi yawan abincinsa ya zama ciyawa ko harawa da zai yi ta tauna. Kabeji da yawa yana kumbura masa ciki. Babban maƙiyinsa a Legas zafi ne da laima: in zafi ya haura digiri 30 a wuri marar iska, zomo yana iya mutuwa cikin yini ɗaya. Ba a ɗaga shi ta kunne, ba a yi masa wanka, kuma yawancinsu ba sa son a rungume su. In yaro ya matse shi zai yi harbi da ƙafar baya, ya yakushi yaron ko ya karya bayansa.

Hajiya_Mai_Zoɓo:
Likita, mu dai ta kunne muka ga ana ɗauka tun muna yara. Amma na ji, zan hana jikokina. Zancen zafi kuwa haka yake, nawa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro suke.

Injiniya_Ketu:
Ƙari a kan zomo: kada a sake shi a falo ba mai kallo. Wayar caja, wayar fanka, duk abin da ya samu sai ya gwagwiye.

Alhaji_Obalende:
Ku bar wahalar da bawan Allah. A saya mata aku. Ya yi sallama, ya kira sunanta, ba ruwansa da tsakar gida.

Injiniya_Ketu:
Ranka ya daɗe, mai neman abu mai araha aka ce. Aku mai toka-toka da jan wutsiya yana cikin tsuntsaye mafi tsada yanzu, kuma akwai dalili. An kama su a daji har sun kusa ƙarewa, shi ya sa a taron 2016 na CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg aka saka shi a jerin farko na masu fuskantar ƙarewa, aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Yawancin na hannun 'yan talla kamun daji ne, a firgice suke, cizo suke. Bakinsa mai ƙarfin nan ba abin kusantar yatsar yarinya ba ne. Ga shi yana kai shekara 40 zuwa 60, in kuma aka bar shi shi kaɗai sai ya fara fige gashin jikinsa.

Alhaji_Obalende:
Nawa tun zamanin mahaifina yake gidan, har yau muryar marigayin yake kwaikwaya in zai kira yara salla. Amma gaskiya ne yana son mutane a kusa da shi, kuma ihunsa da safe ba na gidan haya ba ne.

Sani_Maigadi:
Ɗan kwikwiyo fa? Akwai ƙanana masu gashi da ba sa girma.

Malam_Zango:
Kare an yi rangwame a kansa don gadi da farauta da kiwo. Na wasa a cikin ɗakin da ake salla, a bar shi ya fi. Kuma waɗannan ƙananan su ne masu tsadar.

Baban_Ummi_Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Maman Khalifa na sami mai gidanmu. Dattijo ne mai kirki, ya ce mage da kare ba ya so, amma duk abin da zai zauna a keji a barandata babu ruwansa, muddin ba wari. Barandar tana kallon gabas, rana na shiga da safe kawai, da azahar inuwa ce. To yanzu zance ya koma kan abin keji. Likita, ina sauraro.

Malama_Firamare:
Kafin Likita ta zo, Baban Ummi, ka duba ɓeran Masar. Ina da biyu a gida, duka mata, kuma ɗalibaina in sun zo ba sa son tafiya. Ba ya dogon tsalle, ba ya hawa bango, ba ya da saurin cizo, kuma girmansa daidai cinyar yaro. In ya ji motsin leda ko an buɗe ƙofar kicin sai ya miƙe da ƙafafun gaba a jikin waya yana fito, yana kiran abinci. In ka shimfiɗa tsumma a cinya ka ɗora shi kana shafa bayansa, sai ya lafe yana wani gurnani a hankali. Da rana yake harkarsa, don haka yarinya za ta same shi a farke in ta dawo makaranta. Ciyawa ce abincinsa, sai ɗan tattasai da kokwamba da ganye.

Bakano_Alaba:
Malama, ɓera a ɗaki da gangan, ana fama da zazzaɓin Lassa?

Likitar_Dabbobi:
Ba jinsi ɗaya ba ne, Bakano. Mai yaɗa Lassa wani ɓeran daji ne da ke shiga gidaje da rumbuna yana fitsari a kan abinci, cutar kuma an fara gano ta a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Ɓeran Masar asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka ne, dubban shekaru ke nan mutane na kiwonsa. Abin da za a kiyaye shi ne kada ragowar abincinsa ya jawo ɓerayen kwata. A ɗora kejin a kan ƙafafu, a yi masa waya mai ƙananan ido ta gefe da sama, ƙasan kuma ya zama katako ko roba, don tafin ƙafarsa ba ya jure tsayuwa a kan waya. Gafiyar Legas tana iya kashe shi in ta samu shiga.

Ga yarinya mai shekara bakwai, ni ma shi na fi karkata gare shi, amma da sharuɗɗa. Ba a ajiye shi shi kaɗai, dabbar garke ce. A ɗauki biyu jinsi ɗaya, kuma a sa wanda ya sani ya duba, domin macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata ɗaya da 'yan kwanaki. Jikinsa ba ya haɗa bitamin C, haka mu ma, don haka kullum sai ya sami ɗanyen ganye ko tattasai. Yana yawan kashi da fitsari, in ba a share kullum ba warin da mai gida ya hana zai tashi. Shi ma zafi na kayar da shi, a watan Fabrairu da Maris a riƙa sa masa gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tsumma ya jingina. Shekara 5 zuwa 7 yake yi. Abu na ƙarshe, kuma wannan har da zomo: in ya yi rashin lafiya kada a buɗe kafson mutane a ba shi. Amoksisilin da danginsa suna lalata masa hanji su kashe shi. Mage ita kuma farasitamol ne gubarta.

Direban_Apapa:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Mu 'yan Arewa a Legas, sallah ta zo sai gida. Wa za a bar wa dabbar? Tafiyar Katsina a mota yini da kwana ce, ba za ka sa ɓeran Masar a but ya kai da rai ba. Na sha ganin an loda keji a saman kaya, kafin a wuce Jebba abin ya galabaita. Malam, ka fara samun wanda zai riƙe maka in kun tafi. In babu, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Auwalu_Mai_Tattabara:
Ka ga inda tattabara ta fi ke nan. Ka bar wa yaron maƙwabta kwanon gero, shi ke nan.

Maman_Khalifa:
Ko kifi a gilashi. Ba wari, ba kuka, mai gida ma ba zai sani ba.

Injiniya_Ketu:
Kifi yana son wuta, Hajiya. Injin da ke tace ruwa da ba shi iska in ya tsaya saboda an ɗauke wuta ta daɗe, sai ruwan ya lalace. Ƙaramin kwanon gilashin nan da ake sayarwa da jan kifi a ciki bai ishe shi ba, shi ya sa ba sa daɗewa. Kuma Ummi abin da za ta taɓa take so. In tsuntsu ne, akwai kanari, akwai kuma ƙananan nan dangin aku, kore da shuɗi, 'yan asalin Ostireliya. Gero suke ci, a gida ake ƙyanƙyashe su ba kamun daji ba, in an same su suna ƙanana har kan yatsa suke hawa. Sai dai numfashin tsuntsu ba shi da ƙarfi. Maganin sauro na fesawa, da na ƙonawa, da hayaƙin janareta, kowanne na iya kashe shi a dare ɗaya. A duba inda maƙwabta ke ajiye janareta kafin a rataye keji.

Baban_Ummi_Agege:
Injiniya, janaretan maƙwabcina a ƙarƙashin barandar yake, ka ga tsuntsu ya fita ke nan, sai in a falo. Likita, hayaƙin zai cutar da ɓeran Masar shi ma? Direba, ƙanen matata yana nan Agege ba ya tafiya sallah saboda shago, zan yi masa magana. Sharar keji kuma ni zan riƙa yi da asuba, Ummi ta zuba ganye da ruwa.

Likitar_Dabbobi:
Zai cutar da shi. In an tayar da janareta a shigo da kejin ciki, don haka a yi shi marar nauyi mai hannu biyu. Kuma Ummi ta riƙa wanke hannu da sabulu duk sanda ta taɓa su, musamman in jariri ya iso.

Bakano_Alaba:
Ni har yanzu ina kan kaza.

Hajiya_Mai_Zoɓo:
Ka kai yarinyar ta gani da idonta kafin ka biya kuɗi. Wani yaron yana son abu daga nesa, in an ɗora masa a hannu sai ya tsorata. Wani kuma jikinsa ba ya son gashin dabba, atishawa da ƙaiƙayin ido.

Malama_Firamare:
Haka ne, Hajiya. Baban Ummi, ka turo Maman Ummi da ita ranar Asabar su ga nawa, zan aiko da kwatance ta saƙon sirri. In za ku saya, ku zaɓi mai ido garau, hanci a bushe, gashi ba faci-faci, wanda kuka gan shi yana cin abinci a gabanku.

Auwalu_Mai_Tattabara:
In sun fito daga gidan Malama su biyo ta wajena da la'asar, lokacin da nake zuba gero. A bar yarinyar ta ga duka biyun.

Ɗan_Mile12:
Likita, ganyen latas da na alayyafo duk za a iya ba su, ko akwai wanda ba a so? In san wanda zan riƙa ware masa.